Mudu ɗaya ga kowa: yadda lissafin inshorar lafiya ke tauye Kakangi

A ranar 19 ga Mayu, 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohon shirin NHIS. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin Najeriya, ta kuma tanadi asusu na musamman domin masu rauni: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, mata masu juna biyu, tsofaffi, masu naƙasa da matalauta. Tun daga lokacin, kusan duk muhawarar da ake yi ta tsaya ne a kan adadi: mutum miliyan nawa aka yi wa rajista, wace jiha ce ke kan gaba. Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke yanke hukuncin ko katin da ke aljihun manomi zai samo masa magani. Idan an yi wa mutum rajista, nawa ake biya a kansa, kuma da wane ma'auni?

A tsarin tarayya, asibitin matakin farko yana karɓar wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke cikin rajistarsa, ko ya zo ko bai zo ba. Ma'aikatan lafiya na kiran wannan kafiteshan, wato kuɗin kai. Naira 550 ne lokacin da NHIS ya fara aiki a 2005, ya koma 750 a 2012, ya zauna a nan fiye da shekara goma kafin a ɗaga shi a 2024, a sake ɗagawa a 2025. Duk ja-in-jar da aka yi tsakanin hukuma da masu asibitoci a kan yawan kuɗin ne. Siffarsa kuwa tana nan yadda take: saurayi ɗan shekara 25 da tsohuwa mai ciwon suga farashinsu ɗaya, mazaunin Abuja da mazaunin ƙauyen da mota ba ta shiga farashinsu ɗaya. Hukumomin jihohi, ciki har da KADCHMA da Jihar Kaduna ta kafa da dokar 2018, sun ɗauki wannan salo na biyan cibiyoyin matakin farko da kuɗin kai.

A ido, wannan adalci ne. A aikace, mudu ɗaya ne aka ba kowa ba tare da duban yawan bakin da zai ci a gidansa ba. Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar gunduma irin ta Kakangi.

Cibiyoyi biyu, kuɗi ɗaya

Kakangi ɗaya ce daga cikin gundumomi 11 na Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, a yammacin Jihar Kaduna. Ƙasar noma ce da daji ya yi wa ƙawanya, tana kuma cikin yankunan da 'yan bindiga suka addaba tsawon shekaru da hare-hare, satar mutane da hana zuwa gona. Abin da ya fi ƙarfin cibiyar lafiya ta gunduma sai an kai shi babban asibitin Jibril Mai Gwari da ke cikin garin Birnin Gwari. Abin da ya fi ƙarfin wannan kuma sai Kaduna, tafiyar fiye da kilomita 100 a kan hanyar da ta yi ƙaurin suna.

A ƙaddara cibiyoyi biyu, kowace da mutum 1,000 a rajista, a kan tsohon farashin naira 750. Kowace za ta karɓi naira 750,000 a wata. Ta farko tana Barnawa a cikin Kaduna, mutanenta galibi ma'aikata ne da iyalansu, dillalan magani na kusa, babban asibiti bai wuce kuɗin Keke Napep ba. Ta biyu tana Kakangi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa macen karkara tana haihuwar yara 5.9 a matsakaici, ta birni 4.5, cikin kowane yara 1,000 kuma, 157 ne ke rasuwa a karkara kafin shekara biyar, 92 a birni. Ma'anar wannan ita ce rajistar Kakangi za ta fi cika da masu ciki da ƙananan yara, waɗanda su ne suka fi bukatar asibiti. Da damina zazzaɓin cizon sauro zai cika ɗaki, ga tamowa, ga saran maciji a gona, ga masu sikila.

Bayan nauyin cuta akwai tsadar aikin kansa. Kwalin magani da ya iso Kakangi ya ci kuɗin mota da na babur. Allurar rigakafi tana bukatar sanyi inda babu wuta tsayayya. Ungozoma ko malamin asibiti da zai yarda ya kwana a can sai an ba shi dalili. Direban tasha ya san kuɗin zuwa Kakangi ba ɗaya yake da na kewaya cikin gari ba, kuma babu fasinjan da ke kiran hakan son kai. Lissafin inshora ne kaɗai ya ɗauka tafiyar ɗaya ce.

Sakamakon ba ɓoyayye ba ne. Cibiyar da kuɗinta bai kai nauyinta ba tana da mafita uku: ta ce magani ya ƙare, ta tura majiyyaci gaba tun bai kamata ba, ko ta nemi ya ciro daga aljihunsa. Ko wace aka bi, mai kati ya koma inda yake kafin ya samu kati. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya ke fitowa kai tsaye daga aljihun jama'a, wannan shi ne ainihin ciwon da aka kafa inshora domin warkarwa.

Abin da wasu ƙasashe suka koya

Matsalar tsohuwa ce, tana kuma da magani sananne da masana ke kira daidaita biya da nauyin haɗari. Tushensa mai sauƙi ne. Duk inda aka biya farashi ɗaya a kan mutane masu bukata daban-daban, mai karɓar kuɗin zai yi zawarcin lafiyayyu, ya guje wa marasa lafiya. Kamfanin inshora ba sai ya kori kowa ba: ya isa ya buɗe ofis a unguwar masu hali, ya ƙi ƙulla yarjejeniya da asibitin masu ciwon ƙoda. Shi ya sa kamfanonin HMO na Najeriya suka fi yawa a ƙofar bankuna da manyan kamfanoni na Legas da Abuja. Aikin hukuma shi ne ta kafa ƙa'idar da za ta sa kuɗi ya bi nauyi, ta yadda ɗaukar mara lafiya ba zai zama asara ba, guje masa kuma ba zai zama riba ba.

Jamus ta fara wannan a 1994, tana daidaita kuɗi tsakanin asusun inshora ɗaruruwa bisa shekaru, jinsi da kuɗin shigar mambobi. Da aka ga hakan bai isa ba, sai a 2009 aka shigar da cututtuka 80 cikin lissafin, a 2021 aka faɗaɗa shi ya haɗa dukkan cututtuka, aka ƙara da ma'aunin yanki. Holan ta gina nata tsarin inshorar dole na 2006 a kan irin wannan asusu. A Amurka, dokar lafiya ta Shugaba Obama ta 2010 ta hana kamfanoni ƙin mai ciwo ko tsawwala masa farashi, don haka daga 2014 aka tilasta wa kamfanonin da mutanensu suka fi lafiya su biya waɗanda suka ɗauki marasa lafiya. Gwamnati ba ta zuba ko kwabo. Kuɗin kamfanonin ne ke sauya hannu. Girman abin ya bayyana a watan Yulin 2018, lokacin da hukumar da ke kula da shirin ta dakatar da biyan kimanin dala biliyan 10 saboda hukuncin wata kotun tarayya a jihar New Mexico da ta soki yadda aka gina lissafin. Kasuwar ta girgiza, aka sanar da dawo da biyan kafin watan ya ƙare.

Kusa da gida, Gana ta gwada kuɗin kai a yankin Ashanti daga 2012. Masu asibitoci suka yi ta ƙorafin cewa farashin bai kai aikin ba, har aka dakatar da shirin a 2017. Darasin ya shafi Najeriya kai tsaye: kuɗin kai da bai yi daidai da nauyi ba yakan rasa amincewar masu aiki da shi, daga nan ya rasa ta jama'a.

Tarkon da ke cikin kwaikwayo

Mai karatu zai iya cewa to, a ɗauko tsarin Amurka ko na Jamus kawai. A nan ne ya kamata a yi hattara, domin waɗannan tsare-tsare suna auna nauyin mutum ne da cututtukan da likita ya rubuta masa a baya. Suna bukatar likita, ɗakin gwaji, kwamfuta da ajiyar bayanai. Wanda bai taɓa ganin likita ba, a idon irin wannan lissafi lafiyayye ne garau.

A duba abin da hakan ke nufi ga Kakangi. A 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana zirga-zirgar babura, aka kuma katse layukan waya a yankunan na kimanin wata biyu. A irin wannan yanayi, macen da naƙuda ta kama cikin dare a gida za ta haihu. Dattijon da hawan jini ke ci ba zai hau hanya domin awo ba. Rajistar cibiyar za ta nuna mutane kaɗan, cututtuka kaɗan, kuɗin da aka kashe kaɗan. Idan aka gina farashin gobe a kan waɗannan alƙaluma, to gundumar da tsoro ya hana zuwa asibiti za a hukunta ta da ƙarancin kuɗi, unguwar da ke da likitoci da na'urori kuma a saka mata da ƙari. An tauye mudu sau biyu ke nan.

Wani likitan ƙauyen masu haƙar kwal a Wales, Julian Tudor Hart, ya bayyana wannan tun 1971 a mujallar Lancet: kyakkyawar kulawar lafiya ta fi ƙaranci a inda aka fi bukatarta. Shekara biyar bayan haka, a 1976, wani kwamiti a Ingila ya gano cewa raba kasafin lafiya bisa abin da kowane yanki ya saba kashewa yana fifita Landan ne kawai, saboda a can manyan asibitoci suka taru. Sai ya ba da shawarar a koma auna bukata da yawan jama'a, shekarunsu da yawan mace-mace. Wannan darasi na Ingila ya fi dacewa da Birnin Gwari fiye da na Amurka.

Lissafin da ya dogara da rubutun likita yana da wani aibu kuma: yana koya wa mutane ƙarin gishiri. A 2016 Jens Baas, shugaban asusun inshora mafi girma a Jamus, ya fito fili ya ce asusun ƙasar suna gasar sa likitoci su rubuta majiyyata a matsayin waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, domin a samu kaso mafi tsoka. Amurka ta sha shari'o'i a kan irin wannan a shirin inshorar tsofaffi da kamfanoni ke gudanarwa. Idan ƙasashen da ke da dubban masu binciken kuɗi suna fama da haka, jihar da ke da kaɗan ba ta da dalilin fara ginin daga nan.

Alamar wannan tarko ta riga ta bayyana a gida. Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, ya daɗe yana tura wa kowace cibiya kimanin naira 300,000 duk wata uku. Sabon tsarinsa ya ƙara kuɗin, ya kuma bambanta cibiyoyi bisa yawan masu zuwa. Niyyar mai kyau ce, amma yawan masu zuwa yana auna buɗaɗɗiyar hanya ne kamar yadda yake auna bukata.

Ma'aunin da ya dace

Jihar Kaduna ba ta bukatar lissafin cututtuka ɗari kafin ta gyara mudunta. Tana bukatar abubuwa kaɗan da ke da sauƙin tabbatarwa da wuyar ƙirƙira.

Na farko, shekaru da jinsi. Suna nan a kan kowace takardar rajista. Jariri, yaro ɗan ƙasa da biyar, mace a shekarun haihuwa da dattijo ya kamata kowannensu ya zo da nasa farashi.

Na biyu, nisa. Ana iya auna tazarar kowace cibiya zuwa babban asibiti mafi kusa a kan taswira, kuma shugaban cibiya ba zai iya matsar da ƙauyensa ba. Kolombiya, ƙasar da ita ma ta san daji da 'yan bindiga, tana ƙara wani kaso a kan kuɗin kai na yankunan da jama'arsu ke warwatse. A haɗa wannan da wani tsayayyen kuɗi ga kowace ƙaramar cibiya, domin firijin rigakafi da mai gadi ba sa raguwa don rajista ta yi kaɗan.

Na uku, tsaro da gudun hijira. Jihar Kaduna ta taɓa nuna cewa tana iya ƙirga wannan: rahotannin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida sun ba da adadin mutum 937 da aka kashe da 1,972 da aka sace a 2020, sai 1,192 da 3,348 a 2021, tare da bayanin yankunan da abin ya fi shafa. Gwamnatin da ta iya wallafa waɗannan alƙaluma tana iya amfani da irinsu wajen raba kuɗin lafiya. Kuma bai kamata a cire ƙarin ba da zarar bindiga ta yi shiru. Tun bayan sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a watan Nuwambar 2024, wanda ya kai ga sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, jama'a ke komawa garuruwansu, suna komawa da bashin lafiya na shekaru: yaran da rigakafi ya wuce, hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, raunukan da aka yi jinya a gida. Shekarun farko na zaman lafiya su ne lokacin da cibiya za ta fi cika.

Na huɗu, manyan kuɗaɗe su tsaya a asusun jiha. Mutum 1,000 sun yi kaɗan a ce su ɗauki nauyin tiyatar haihuwa, ƙarin jini, maganin dafin maciji ko harbin bindiga. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tsarin yanzu ya riga ya ware ayyukan babban asibiti a biya su daban. Abin da ya rage shi ne a ɗauki kuɗin kai majiyyaci can a matsayin wani ɓangare na magani. Ga matar Kakangi, tiyata kyauta a Birnin Gwari ba ta da amfani idan babu abin hawa.

Ƙorafe-ƙorafe masu nauyi

Akwai hujjoji na gaske a kan wannan shawara. Ta farko siyasa ce: da zarar an ce rashin tsaro na kawo ƙarin kuɗi, kowace ƙaramar hukuma daga cikin 23 za ta nemi a saka ta, kamar yadda ake yi da ƙidayar jama'a. Maganin wannan shi ne a wallafa ƙa'idar, a bayyana alƙaluman da aka yi amfani da su ga kowace gunduma daga cikin 255, a kuma sake dubawa duk shekara a rana sananniya. Lissafin da ake yi a ɓoye ne ake lanƙwasawa da wayar babban mutum.

Ta biyu ita ce sunayen bogi. Kuɗin kai yana biyan suna ne a takarda, kuma inda mai bincike ke tsoron zuwa, sunan mamaci da na wanda ya yi ƙaura kan daɗe a rajista. Ƙara farashi zai ƙara kwaɗayi. Don haka dole ƙarin ya zo da sharaɗi: cibiya a buɗe, ma'aikaci a bakin aiki, muhimman magunguna a kan kanta, tare da sa hannun kwamitin raya gunduma da masu unguwanni, waɗanda suka san wanda ke gari da wanda ba ya nan. Wanda ya yi hijira zuwa cikin Birnin Gwari kuma, kuɗinsa ya bi shi zuwa cibiyar da ke duba shi.

Ta uku ita ce mafi wuya. Idan tukunyar ba ta ƙaru ba, ƙarin Kakangi ragin Barnawa ne, kuma malamin makaranta da ake cire wa kuɗi daga albashi yana da haƙƙin tambaya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara da kuɗin gwamnati, wato kason asusun tarayya da abin da jiha ke warewa masu rauni, domin dama an tanade su ne saboda bukata. Amma gaskiyar da bai kamata a ɓoye ba ita ce inshora tun asali ɗaukar nauyin juna ce. Jihar da ta raba jama'arta zuwa tukwane daban-daban, ta ma'aikata, ta 'yan kasuwa, ta matalauta, ba tare da wata hanya tsakaninsu ba, ta tabbatar da cewa tukunyar da ta fi yawan marasa lafiya ita ce za ta fara ƙonewa.

Dokar 2022 ta ba NHIA ikon kafa ƙa'idojin biya, ta kuma sa hukumomin jihohi a tsakiyar aiwatarwa. Saboda haka gyaran bai jira sabuwar doka ba. Yana jiran shawarar hukumomin da ke akwai ne, da matsin lamba daga 'yan majalisa, masarauta da ƙungiyoyin ci gaba irin ta BEPU a Birnin Gwari. Duk lokacin da aka sanar da sabon adadin waɗanda aka yi wa rajista, ya kamata a bi shi da tambaya guda: nawa cibiyar Kakangi ke karɓa a kan mace mai ciki, nawa ta cikin Kaduna ke karɓa? Muddin amsar adadi ɗaya ce, to manomin da ya sha wuyar daji shi ne kuma zai cika giɓin daga aljihunsa.